Kyamarar gidan Yaya

Da farin ciki na fara wannan yini, domin na'urar ban ruwan shukokina da na shafe makonni uku ina fama da ita ta yi aiki a karon farko. Ashe matsalar ba daga manhajar da na rubuta take ba: ƙafafun ESP32, wato ƙaramin allon lantarkin da ke sarrafa na'urar, wutar bolt 3.3 suke bayarwa, rilen (makunnin lantarki) da ke kunna famfon kuwa bolt 5 yake so, don haka wani lokaci ya amsa, wani lokaci ya yi shiru. Na liƙa transista guda a tsakaninsu da dalma, na tsoma sensar laima a busasshiyar ƙasa, sai na ji rilen ya yi ƙas, ruwa ya fara gudu a cikin tiyo. Autarmu ta tsaya tana kallo har famfon ya kashe kansa.

Da rana na shiga Raspberry Pi, wato ƙaramar kwamfutar da ke ajiye bayanan laimar, kuma tun da na shiga sai na duba kundin da ke rubuta duk wanda ya yi yunƙurin shigowa. Watannin baya na buɗe ƙofa ta 22 (ɗaya daga cikin hanyoyi masu lamba da ake shiga kwamfuta ta intanet) a rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, saboda in riƙa isa gare shi ta SSH, wato tsarin sarrafa kwamfuta daga nesa, idan ba na gida. Abin da na tarar ya cika shafi bayan shafi: adireshin intanet daga ƙasashe daban-daban, dare da rana, suna gwada sunayen shiga irin su root da admin da pi. Babu wanda ya samu shiga, saboda na kashe amfani da kalmar sirri, da mabuɗin sirri, wato wani fayil na musamman da ke hannuna, kawai ake shiga. Masu wannan kwamfutar ma sun daina fitar da manhajarta da sunan pi da kalmar sirri ta raspberry tun watan Afrilun 2022, amma har yau na'urorin masu kutse ba su daina gwadawa ba.

Ina cikin karanta layukan nan sai kyamarar gidan Yaya ta faɗo mini a rai, na ji gabana ya faɗi. Ni na ɗaura masa ita shekara biyu da suka wuce, ni na buɗe mata hanya a rautarsa don ya riƙa kallon ƙofar gida ta waya idan ya yi tafiya, kuma na tuna sarai cewa na bar mata kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, da niyyar in sauya idan na sake zuwa. Na sake zuwa ya fi a ƙirga, ban sauya ba.

Na kira shi nan take. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, akwai gyaran da ya kamata in yi wa kyamarar nan, kuma kafin in zo ina son ka zare ta daga wuta."

Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, kyamarar da ba ta ganin komai sai ƙofa da gindin bishiya? Wanda yake son kallo ya yi ta kallo, ni ba ni da abin ɓoyewa."

Na yi masa bayanin cewa ba hoton ake nema ba, kyamarar ake nema, domin ita ma ƙaramar kwamfuta ce da ke haɗe da intanet sa'o'i 24 ba tare da kowa yana lura da ita ba. Na ba shi labarin Mirai, muguwar manhajar da ta bayyana a 2016, wadda ba ta da wata dabara mai zurfi face yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofa ta 23, tana gwada sunaye da kalmomin sirri sittin da 'yan kai waɗanda kamfanoni ke sakawa a kyamarori da rautoci. Da haka ta tara dubban ɗaruruwan na'urori, kuma a ranar 21 ga Oktoban 2016 aka juya su kan kamfanin Dyn na Amurka, mai haɗa sunayen manyan shafuka da adireshinsu a intanet, har Twitter da Netflix da Reddit suka ƙi buɗuwa ga mutane masu yawa na tsawon sa'o'i. Matasa uku ne suka rubuta ta, sun kuma amsa laifinsu a kotu a Disambar 2017, amma tun kafin nan an saki tushen manhajar ga kowa, shi ya sa jikokinta suke yawo har yanzu. Masu kyamarorin nan galibinsu ba su taɓa sanin an yi yaƙi da kayansu ba.

Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce cikin natsuwa, "To, ni ban san duk wannan ba. Kai ka ɗaura ta, ka ce mini ka gama, ni kuwa na yarda."

Babu faɗa a muryarsa, ban kuma ji yana nufin ɗora mini laifi ba, amma maganar ta tsaya mini a rai tun daga lokacin. Mu masu son haɗa 'yan na'urori a gida, da zarar fitila ta kama ko hoto ya fito a waya, sai mu ce aiki ya kammala, domin a nan daɗin yake. Kaina na tsare da mabuɗi, na kashe duk abin da ya kamata a kashe, amma mutumin da ya miƙa mini amanar gidansa saboda ya san ba fanninsa ba ne, shi na bari da ƙofa a buɗe. Na san Birtaniya ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin zato tun 29 ga Afrilun 2024, kuma doka ce mai kyau a ganina, sai dai ba ta komawa baya ta gyara kyamarar da ke rataye a bango tun kafin a yi ta.

Abin da ya ƙara dame ni shi ne kashewa da kunnawa ba magani ba ne. Mirai a ƙwaƙwalwar wucin gadi take zama, tana gogewa idan an ɗauke wuta, amma na'urar da ba a sauya wa kalma ba takan sake kamuwa cikin mintuna. Wasu kyamarorin ma suna da wata kalmar a binne cikin manhajarsu, wadda sauya ta shafin saiti ba ya taɓa ta. Dole in je da kaina in bincika ƙofofin da ke buɗe, in rufe hanyar da na buɗe a rauta, in kashe UPnP, tsarin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa a rauta, in sabunta manhajar idan akwai sabuwa.

Na sake roƙonsa ya zare ta zuwa Asabar. Ya ce da dare ne ya fi buƙatarta, don haka ba zai kwana babu ita ba, kuma ban ga hujjar da zan ja da shi ba. Mun tsaya a kan zan zo gobe da yamma bayan na tashi daga aiki.

Na rufe ƙofa ta 22 a tawa rautar kafin in zauna rubutun nan, na saka kwamfuta da igiyar intanet a jaka. Famfon ya sake kunna kansa wajen ƙarfe goma, na ji ƙararsa daga ɗaki, amma ban fita na duba ba.