Akori-kurar lantarki: mil 320 a takarda, mil 130 da tirela a baya

Lambobi biyu ne suka sa na sayi motar nan: mil 320 a caji ɗaya, da jan kaya har fam 10,000, wajen tan huɗu da rabi ke nan. Dillalin ya jero mini su kamar Hassan da Hussaini, kuma kowanne a cikinsu gaskiya ne. Abin da bai buɗe baki ya faɗa ba shi ne, ba sa haɗuwa a tafiya ɗaya. Na gaya masa ƙarara cewa ɗauko motocin gwanjo yana cikin sana'ata. Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya miƙo mini biro.

A Kolombus nake zaune, jihar Ohayo ta Amurka. Rabin aikina gyaran gidaje ne, ɗaya rabin kuma sayen motocin da suka yi hatsari, a ɗan taɓa su, a tura Baltimo su hau jirgi zuwa Kwatano ko Legas. Motar Ford F-150 Lightning ce ƙirar 2023, mai babban batir, ta hannu. Da kaka na saye ta, bayan tsohuwar akori-kurata mai fetur ta mai da gareji gidanta na biyu.

Watannin farko ba ni da abin cewa sai godiya. Mota ce mai nauyin kusan tan uku, amma in ka taka ta sai ta manna maka baya da kujera, ga shi ko tari ba ta yi. In na fita da asuba maƙwabta ba su san na fita ba. Inda inji ya kamata ya zauna but ne mai lita 400, da soket a ciki, kuma uwargida ta riga ta ƙwace shi ya zama na cefane. Babu juyen baƙin mai, birki ma ba kasafai nake taɓa shi ba, don da ka ɗaga ƙafa motar take rage gudu tana mai da wuta cikin batir. A cikin gari tana ba ni mil 2.3 ko sama da haka a kowane yunit, irin yunit ɗin da ake saya a mita a gida. Mil 100 yana cin mini kamar dala 7 na wutar gida, alhali tsohuwar ba ta yarda da ƙasa da dala 18 na fetur. Jihar Ohayo tana karɓar ƙarin dala 200 a shekara daga masu motar lantarki wajen sabunta lamba, tunda ba ma biyan harajin mai, amma ko da shi riba tana nan.

Wayarin ɗin gida ya ɗan ci ni. Gidan tsohon gini ne, akwatin wutarsa amfiya 100 ne gaba ɗaya, ita kuwa babbar cajar motar mai amfiya 80 ita kaɗai tana buƙatar layin amfiya 100. Soket ɗin bango na bolt 120 kuwa wasa ne, sai ka kwana huɗu kana jiran batir mai yunit 131 ya cika. Dole aka canza akwatin zuwa 200, na sa caja mai amfiya 48, kuɗin ya haura abin da na ware. Wannan na haɗiye shi, don sau ɗaya ake biya. Wanda ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne abin da ya faru a watan Janairu.

Na ci gwanjon wata Camry a wani fili da ke yammacin Indiyanapolis. Daga Kolombus zuwa Indiyanapolis mil 175 ne a kan babbar hanyar I-70, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba gangare, tafiyar da na saba yi cikin awa uku. Filin yana daina loda motoci ƙarfe huɗu da rabi. Ranar Alhamis ce, sanyi ya kai digiri 12 ƙasa da sifili. Na yi ɗan aiki da safe, batir ya sauka zuwa kashi 85, na yi azahar, na ɗaura tirelar ɗaukar mota. Motar tana tambayar tsawo da faɗi da nauyin abin da ka ɗaura mata, sai ta sake lissafi. Ina kallo lambar da ke allo ta faɗo zuwa 160 da 'yan kai. Tirelar fa babu komai a kanta. Na ce a raina ai na'ura tsoro ne da ita, in muka hau hanya za ta gyara. Ta gyara kuwa, sai dai ƙasa ta yi. Iska tana bugowa daga yamma, hita tana aiki, ni kuma ina kan mil 70 a awa saboda agogo.

Kusa da Richmond, da zarar an shiga Indiyana, dole na sauka neman caji. A nan na ga abin da ba ya cikin kowace takardar talla. Gidan mai an gina shi ka shiga ta nan ka fita ta can, da tirela ko babu. Wurin caji kuwa, galibi a gefen filin ajiye motoci na babban kanti yake, ka sa hanci ko ka shiga da baya kamar mai fakin. Da tirela a baya sai ka tare hanya gaba ɗaya. Sai da na nemi lungu, na sa wa tayoyi waigi, na kwance sarƙoƙi, na cire wayar fitila, na murɗa jak, duk da yatsun da ba na jin su. Na dawo na tarar an riga ni, na bi layi. Da na samu na jona, maimakon kilowat 150 da na saba gani, abin ya tsaya ƙasa da rabin haka, saboda batir mai sanyi ba ya karɓar wuta da sauri. Na yi la'asar a cikin mota ina kallon kashi yana hawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in sake ɗaura tirela awa ɗaya da rabi ta tafi.

Na isa filin an rufe ƙofa. Camry ɗin ina hango ta ta cikin waya.

Kwanan otal, kuɗin ajiya na ƙarin rana, sannan washegari aka shiga ainihin karatun. Da motar a kan tirela, jimillar abin da nake ja bai wuce fam 5,500 ba, rabin abin da aka ce tana iyawa da ɗan ɗori. Wajen ƙarfi kam ba magana, ko a jikinta, in ba ka duba madubi ba sai ka manta akwai kaya a baya. Amma mil ɗaya take yi a yunit ɗaya, wani lokacin ma ba ta kaiwa. Batir cike taf mil 130 ke nan. Kuma a hanya ba wanda yake cikawa taf, don daga kashi 80 caji yake komawa tafiyar hawainiya, ba kuma wanda yake yarda ya sauka ƙasa da kashi 10 da kaya a baya cikin dusar ƙanƙara. Abin da ya rage maka tsakani bai fi mil 90 ba. Tsayawa biyu na yi kafin gida, kowacce da kwancewa da ɗaurawa, yanzu kuma da mota a kan tirelar, jak ɗin yana kuka. Yunit a waɗannan wuraren ya kai sent 50, ninki uku na wutar gida, don haka ko arahar da nake taƙama da ita ba ta biyo ni Indiyana ba. Juma'a ta wuce ni a hanya. Babbar motar da za ta kwashi kayanmu zuwa Baltimo ta tashi da safe ba Camry, jirgin ya tafi, shi kuma mai motar yana Kano yana kira.

"Alhaji, a yi haƙuri, sanyi ne ya riƙe mu," na ce masa.

"Sanyi kuma? Ba kai ne ka ce ka sayi motar da ba ta shan mai ba? To me ya daskare?"

Ban samu amsar da za ta shiga waya ba a lokacin. Daga baya na zauna na yi lissafin. Galan ɗaya na fetur yana ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit 33.7. Wannan ƙaton batir da ya shimfiɗe ƙarƙashin motar, duk abin da ke cikinsa bai cika galan huɗu ba, kusan lita 15. Tana kai mil 320 da shi ne don motar lantarki ba ta ɓarna, kusan duk abin da ta sha yana zuwa taya. Injin fetur kuwa yawancin abin da ya ƙona zafi ne yake fita, shi ya sa hitarsa kyauta ce, ita kuwa tawa daga batir take ɗiba. Mai fetur ma in ya ɗaura tirela shan mansa kusan ninkawa yake, sai dai tankinsa na iya kai galan 36, kuma minti biyar ya ishe shi ya cika bai kwance komai ba. Bambancin ke nan. Ba aibin wannan motar ba ne ita kaɗai, duk akori-kurar lantarki haka take, kuma duk mai sayar da ita ya sani. Da dillalin nan ya ce mini "Malam, in za ka ja kaya cikin hunturu ka raba lambar biyu, ka ƙara ragewa," da na tashi tun da safe, ko in ba wa masu ɗauko motoci aikin. Jimla ɗaya ce kawai.

Ba zan ɓoye ba, mako guda na yi ina duba nawa za a saye ta. Abin da ya hana ni shi ne wata guguwa da ta kayar da bishiya a kan layin unguwarmu. Mu da muka tashi da ɗaukewar wuta ba ta ba mu tsoro, amma a nan in ta tafi cikin sanyi, gida kansa ya zama firji. Motar tana fitar da wuta har kilowat 9.6, akwai soket na bolt 120 da yawa da guda na 240 a bayanta. Na ja wayoyi ta taga: firji, firiza, fitilu, intanet, ƙananan hita biyu, na kuma miƙa wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu waya ɗaya. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu fita neman galan. Kamfanin ya ce babban batir yana riƙe gida kwana uku a kan yunit 30 a rana, kuma abin da na gani bai saɓa wa hakan ba, wuta ta dawo muna da fiye da rabi. A wurin aiki ma tuni na daina ɗaukar janareta. Zarto, injin iska, na'urar yankan tayil, duk a jikinta nake jonawa, masu gida har leƙowa suke su ga inda wutar take fitowa. Wannan ɓangaren ko dillalin bai san darajarsa ba.

Yanzu na san iyakarta. Duk gwanjon da bai wuce mil 60 daga gida ba ni nake zuwa, in je in dawo da cajin gida, kuma a nan babu motar da ta kai ta. Abin da ya wuce haka, daga Disamba zuwa Maris, masu ɗauko motoci nake biya, kuma kuɗinsu bai kai abin da Indiyana ta ci mini ba. In tafiyar ta zama dole, ina sa mata lokacin tashi tun da dare ta ɗumama batir da ɗaki tana jone da bango, in cika ta ɗari bisa ɗari, in riƙe mil 60 a awa komai hon ɗin manyan motoci. Tsakanin 60 da 70 akwai mil masu yawa, domin turjiyar iska tana ƙaruwa fiye da yadda gudu yake ƙaruwa, kuma siffar abin da ka ɗauko ta fi nauyinsa tasiri. Ina sa wurin cajin a taswirar motar tun daga nesa don ta ɗumama batir kafin mu isa. Ina kuma duba hoton wurin daga sama in ga ko tirela za ta shiga ba sai an kwance ba. Irin waɗannan wuraren sun fara samuwa, amma ba su da yawa.

Wanda zai saya a jihohin sanyi ya nemi ƙirar 2024 zuwa sama, don daga nan aka sa mata na'urar ɗumama mai tsimin wuta, tawa irin ta waya ce mai zuƙa. Ƙaramin batir mai yunit 98, wanda aka rubuta wa mil 240, ya dace da mai aikin cikin gari, amma mai tirela kada ya ko kalle shi, ku yi lissafin da kanku da mil ɗaya a yunit. Wanda kuma yake haya a bene, ba shi da bangon da zai jona da dare, ya haƙura. Zai riƙa sayen wuta a farashin hanya kullum, ga zaman jira. Kafin ka sa hannu a takarda, ka ce a ba ka ita ka ɗaura taka tirelar, da kayanka, ka hau babbar hanya mil 30, ka kalli abin da allo zai nuna. In dillali ya ƙi, ka san dalili.

Yayana da ke Kano ya ga hotunan daren guguwar, tun daga nan ya dame ni in turo masa irinta, wai mota da janareta a kuɗi ɗaya.

"Yaya, yunit nawa kake saya a wata, gidan gaba ɗaya?"

Ya ce in wuta ta zauna kamar 200.

Na ce masa cika ta sau ɗaya yunit 131 ne, ban da abin da yake bin iska wajen caji, kuma kafin ta ba shi wuta sai ya fara ba ta. Ya ce zai yi magana da mai sola ya ji faranti nawa za ta ci. Na ce in ya samo lambar ya turo mini, kafin nan akwai akori-kurar Toyota biyu a gwanjon mako mai zuwa, ɗaya a Dayton nan cikin Ohayo, ita zan iya ɗauko masa da kaina.