Ƙofar ajin ƴan jardan

Duk wanda ya ji a jardan nake koyarwa, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, sai ya ce, "Madam, ai ke hutu kike, daga waƙa sai tafi." Ba na musu da kowa. Waƙar muna yi, tafin ma muna yi. Sai dai tun ranar 13 ga Afrilun 2021, da gobara ta tashi a azuzuwan zana na makarantar unguwar Pays-Bas a nan Yamai ta kashe yara wajen 20, yawancinsu ƴan jardan, abin da nake fara dubawa da safe shi ne ƙofa. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, aka rasa yara aƙalla 25. Bayan nan ne gwamnati ta hana zaunar da ƴan jardan a rumfar zana. Allah ya jiƙan su.

Ajina na siminti ne, alhamdulillahi, amma rumfunan zana na manyan ɗalibai na jikin katangarmu, kuma zana ba ta jiran kowa in iskar hunturu ta kaɗa.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, ɗan shekara huɗu in ya firgita ba waje yake nufa ba. Wani ya shige ƙarƙashin tebur ya yi tsit, wani ya riƙe miki zane, wata kuma ta koma neman takalminta don tana tsoron faɗan uwarta. Shi ya sa takalma ba sa kwana mini a bakin ƙofa, gefe guda muke jera su, jakunkuna kuma a rataye.

Muna da wasan da muke kira jirgi. In na buga gwangwani sau uku, kowa ya saki abin da ke hannunsa, ko alli ne ko biskit, ya kama rigar na gabansa, mu fita har gindin bedi. Da Hausa nake ba da umarnin, in maimaita da Zabarmanci. Faransancin da iyaye ke ɗokin ji a bakin ƴaƴansu yana da lokacinsa, ban da wannan. A gindin bishiyar nake ƙirga kawuna, in sake ƙirgawa, domin akwai wani ɗan gajere da kullum sai na je na zaro shi daga bayan allo yana dariya.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne zancen mai ƙosai. Dattijuwa ce, ta girmi uwata, kaskonta kuma dab da zana. Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah a ɗan matsa da murhun nan." Ta ce, "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nake tuya a nan." Sai da shugabar makaranta ta sa baki, muka yi mata alkawarin ni zan riƙa kawo mata yaran da kaina in an fita hutun ƙarfe goma. Yanzu tana can gefen famfo, ni ce mai karɓar dala biyar-biyar ina miƙa mata.