Rijiyoyin Doba ko bayan man ya kare suna da sauran amfani

Jiya da dare kuran ya sake daukewa a unguwarmu nan Njamena, ina kwance kan tabarma a tsakar gida zufa na zuba sai na tuna wata hira da muka yi da kanin babana da ya yi shekaru yana tuka kamiyo wajen Kome, filin hakar man Doba a kudancin Cadi. Yace min, ɗana, abin da mutane ba su sani ba rijiyar mai in ta tsufa ruwa take fitarwa fiye da man, kuma ruwan da zafinsa yake fitowa.

To wannan zafin shi ne maganata yau. Kasa duk kilomita daya da ka nutsa zafi na karuwa da kamar digiri 25 zuwa 30, kuma abin da ya fi cin kudi a harkar zafin karkashin kasa shi ne hakan ramin kansa, mu kuwa ramukan an riga an haka mana tun da aka fara tura man Doba ta bututun nan mai kilomita 1070 zuwa Kribi, bakin teku a Kamaru, a 2003. Kome, Miandoum, Bolobo, rijiyoyi birjik. Ranar da rijiya ta daina biyan kudinta sai a dura mata siminti a tafi, in ma ba a toshe da kyau ba iskar gas ta rika tsiyaya.

A Amurka, jihar Wayomin, tun 2008 sun gwada, ruwan zafin da ke fitowa tare da mai ya dumama wani ruwa daban mai saurin tafasa, tururinsa ya juya inji aka samu kuran kilowat 250. Ba wani mai yawa ba ne, gaskiya, kuma da zafin garinmu injin ba zai ja sosai ba don yana son iska mai sanyi wajen hucewa.

Shi yasa ni ba kuran ne ya fi damuna ba, sanyi ne. Wa ya tuna firigo mai kananzir na gidajen da, wanda ake kunna ma wuta a kasa amma ciki ruwa ya yi kankara? Irin wannan dabarar ce, zafi ke haifar da sanyi, kuma ruwan rijiya in zafinsa ya kai zai iya rike dakin sanyi dare da rana babu gurup babu gazuwal. Ku je kudu lokacin mangwaro ku ga yadda yake rubewa a gindin bishiya, ga tumatir, ga madara, ga allurar rigakafi a kananan lopital na kauye da ke lalacewa in sanyi ya yanke. Ko busar da mangwaron ma da ridi zafin zai yi.

Wallahi abin na ci min rai, kauyukan da suka ba da gonakinsu aka haka ramukan nan har yau da tocila suke kwana. Kafin a zuba simintin nan, don Allah a fara auna zafin kowace rijiya a rubuta, a kira yaranmu da suka karanci man fetur a babbar makarantar garin Mao su duba wacce za ta yi.