Inda Muka Kai a Aikin Alta: Cirewa, Kwancewa da Gwaji

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon wayarin mota. Alta, wato altaneto, ita ce na'urar da ke caja batir idan inji na aiki. Altaneton da ke kan teburinmu a wannan zagaye ƙirar Denso ce, daga Toyota Corolla tsohuwar yayi, irin wadda ta cika titunan Katsina. Ƙorafin da aka kawo ta da shi sananne ne: fitilar batir tana ɗan haskawa a dashbod idan mota na tsaye, da safe kuma kik ya yi nauyi. An riga an sauya batir, ciwon bai tafi ba.

Kafin sifana ta taɓa noti ko ɗaya, mita ce ke fara aiki. Batir mai cikakken caji, inji a kashe, yana nuna bolt 12.6. Idan ya nuna 12.2 ya kai wajen rabi, kuma gwajin alta da irin wannan batir yakan rikita mutum, sai an fara caja shi. A tayar da mota, a auna a kan kawunan batir: lafiyayyar alta tana ba da tsakanin 13.5 da 14.5. Sai a kunna manyan fitilu da fankar iyakwandishan, a ɗan taka totur zuwa juyi 2000 a minti, a ga ko za ta riƙe sama da 13. Tamu ta nuna 13.1 babu kaya, da aka ɗora mata fitilu ta gangaro 12.4. Ke nan tana caji, amma ba ta iya ɗaukar nauyi.

Daga nan a juya mita zuwa AC, a sake aunawa a bayan alta. Wutar da ke fita ya kamata ta zama a miƙe, abin da zai bayyana a AC kaɗan ne ƙwarai. Idan ya haura 0.5, a fara zargin dayod, wato abin da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. Akwai kuma awon da masu koyo suka fi tsallakewa, wato asarar wuta a hanya. A sa tsinken mita ɗaya a kan notin B na bayan alta, ɗaya a kan jan kan batir, inji na aiki, fitilu a kunne. Idan ya wuce 0.4 ko 0.5, laifin na waya ne ko fiyus ko datti a mahaɗa. Haka za a yi tsakanin jikin alta da baƙin kan batir, nan bai kamata ya wuce 0.2 ba. Alta da yawa an kwance su a banza, alhali wayar at ce, wato wadda ke zuwa baƙin kan batir, ta yi tsatsa a jikin inji.

Abin da muke roƙon kowa ya bari shi ne zare kan batir mota na aiki, wai a ga ko za ta mutu. Mun san an saba da shi a gareji, amma batir shi ne ke shanye tsallen wuta. Da zarar an zare shi, wutar kan yi tsalle nesa da 14 cikin ƙiftawar ido, ta ƙone dayod, ko katawut mai daidaita ƙarfin caji, ko ma kwamfutar motar. Kuma ko motar ba ta mutu ba, bai nuna altar lafiya take ba, domin mai rauni ma tana iya riƙe inji ba tare da ta iya cika batir ba. Mita ba ta kai kuɗin abin da ake ƙonawa ba.

Cirewa ba ta da wani tsawo. A fara kwance baƙin kan batir, domin wayar B kai tsaye take da wuta ko da makulli na aljihu. Sifana ta haɗa ta da jikin inji, tartsatsi ne da narkewar waya. A ɗaga robar da ke rufe notin B, a kwance shi da lamba 10, a danna harshen soket a zare shi, kada a ja da waya, robar ta riga ta bushe da zafi. A sassauta notin ƙasa da lamba 14, sannan na daidaita bel da 12, a tura alta wajen inji bel ya saki. Idan motar mai doguwar bel guda ce da ke zagaye komai, a ɗauki hoton yadda ta bi kafin a sauke ta. Alta takan liƙe a mazauninta na ƙasa saboda bushin da ke matse ta. A riƙa girgiza ta gaba da baya ana ɗagawa, ba a dukan jikinta da guduma, alminiyam ne, yana tsagewa.

Tana sauka a juya fuli, wato wilin da bel ke ja, da hannu a saurara. Ƙarar gurza ko ɗan kaɗawa gefe da gefe, boris ne, wato ƙwallayen da sandar alta ke juyawa a kansu. A shinshina ta: warin ƙonannen fenti yana nuna koyil ya sha zafi. A duba ko akwai baƙin mai a jikinta, domin idan gasket ɗin murfin saman inji yana yoyo a kanta, duk gyaran da aka yi ba zai daɗe ba. Mai da ƙurar hunturu in sun haɗu sukan zama laka a cikin gidan burushi, burushin, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ɓangaren da ke juyawa, ya maƙale ya daina taɓa zoben tagullar da yake gogawa. A yankinmu wannan ciwon ya yi yawa, sai kuma zafin bazara, lokacin da Katsina kan haura digiri 40, ga zafin inji a kai, dayod da katawut su ne ke ɗanɗana kuɗarsu.

Kafin a raba ta biyu, a ja layi da maka daga murfin gaba zuwa na baya, don a mayar da su yadda suke. Notin fuli ya fi sauƙi a kwance shi tun tana haɗe, lamba 22 ne a yawancin irin wannan, kuma bindigar iska ta fi dacewa. Kada a cusa sukundireba cikin fanka don a tare ta, fikafikan za su lanƙwashe. Wasu motocin baya-bayan nan fulinsu mai kulochi ne, yana kamawa ta gefe ɗaya ya saki ta ɗaya, wannan sai da makullinsa na musamman.

A Denso aikin baya yana da daɗi. Noti uku masu lamba 8 ke riƙe murfin ƙarfe, sai robar da ke kewaye da B. Ana ɗagewa ga gidan burushi, ga katawut, ga farantin dayod, duk da sukurori. Sukurorin nan suna da taushin kai, a danna sukundireba sosai kafin a murɗa, in kan ya cinye an shiga wahala. Wayoyin koyil ma da sukurori aka ɗaure su a farantin. A Bosch ta Golf kuwa burushi da katawut a haɗe suke, sukurori biyu ne, amma wayoyin koyil da dalma aka kama su, sai an narke. In za a narke, a riƙe ƙafar dayod da filaya don ta shanye zafin, kuma kada a daɗe.

Burushi sabo a irin tamu yana leƙowa milimita 10.5. Duk wanda ya gaza 5 mu dai muna sauya shi, ko da littafin wasu ƙirar ya yarda a bar shi ya fi haka gajarta, domin sifirin ɗin da ke tura shi ya riga ya rage ƙarfi. Namu ɗaya ya rage kamar 4, ɗayan ya fi shi tsawo. Bambancin nan alama ce cewa zobe ɗaya ya fi ci.

Yanzu amecha, wato ɓangaren da ke juyawa. A sa mita a om, tsinke ɗaya a kowane zoben tagulla. Ana sa ran tsakanin 2 da 4. A Denso yawanci kusa da 3 ne ko ƙasa kaɗan. Amma a fara haɗa tsinkayen mita da juna a ga abin da suke nunawa, a cire shi daga lissafi, domin mita mai araha kan ƙara 0.3 ko fiye, kuma a ƙaramin awo irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke, sau da yawa a daidai inda ta haɗu da zobe, kuma wannan yana gyaruwa. Idan ta yi ƙasa da 2 sosai, wayoyin sun haɗe a ciki, za ta ja wuta fiye da kima ta kashe sabon katawut. Sannan a auna tsakanin zobe da ƙarfen amecha: nan babu abin da ya kamata ya wuce. Kaurin zoben sabo milimita 14.4 ne. Tamu ta ba da om 2.9, lafiya, sai dai zobe na baya ya yi kwari. In kwarin bai yi zurfi ba, sanfefa mai laushi ta isa, ana juya amecha ana gogawa don kada ya yi gefe. In ya yi zurfi, sai mai injin sassaƙa ƙarfe, ko a sauya zoben.

Koyil na jiki layi uku ne. Tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta ƙasa da om 1 ne, kuma ukun su zo daidai da juna. Tsakanin waya da ƙarfen jiki kuma babu abin da ya kamata ya wuce. Ido ma yana aiki a nan: idan layi ɗaya ya yi baƙi saura suna ja, wannan layin ya ƙone, kuma galibi dayod ɗinsa ne ya ja masa.

Farantin dayod shi ne inda ya kamata a zauna a natsu. Shida ne ainihin masu aiki, uku na ɓangaren ja, uku na ɓangaren at, wasu kuma takwas ne. Dole a raba farantin da koyil kafin awo, in ba haka ba wuta za ta zagaya ta cikin koyil ta ɓoye wanda ya mutu. A sa mita a alamar dayod. Tsinke ɗaya a B, ɗaya a kowace mahaɗar koyil bi da bi, sannan a juya tsinkayen. Ta fuska ɗaya za a ga 0.4 zuwa 0.7, ta ɗayar babu komai. Sai a maimaita tsakanin mahaɗan da ɓangaren at. Dayod kamar ƙofar zaure ce da ke buɗewa ciki kawai. Wanda ya buɗe ta ko'ina ya haɗe, shi ne ke tsotse batir da dare, har a ji jikin alta da ɗumi mota a kashe. Wanda ya rufe ta ko'ina ya tsinke, shi kuma yana rage ƙarfin caji, ya sa alta ta riƙa wani siririn kuka. A tamu ɗaya daga ɓangaren ja ya tsinke. Shi ya sa take kai 13.1 babu kaya amma ta durƙushe da fitilu. Farantin gaba ɗaya za a sauya, a tafi da tsohon wajen masu kayan gyara a gwada ramuka da ramuka, domin suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne.

Katawut ba ya gwaduwa da mita kaɗai. In komai ya fita lafiya amma babu caji, ko caji ya haura 15 har batir na tafasa yana wari, shi ne. A tsofaffin motocin da altarsu ke karɓar wutar farko ta fitilar batir kuma, a duba ƙwan fitilar tukuna, domin ta cikinsa wutar farko ke shiga amecha. In ya mutu, alta ba za ta fara caji ba sai an taka totur da ƙarfi.

Boris tunda an riga an buɗe, a sauya duka biyun. Lambarsu na rubuce a gefe. Wajen sakawa a buga ta zoben da ke shiga da matsi kawai, da soket daidai faɗinsa. Bugun da ya ratsa ta cikin ƙwallayen yana kashe sabon boris tun kafin ya yi aiki.

Abin da ya rage mana shi ne haɗawa da gwajin tebur. Jikin alta zuwa baƙin kan batir, B da ƙafafun soket masu suna S da IG zuwa jan kai, ƙafar L ta fitilar batir kuma ta cikin ƙaramin ƙwai zuwa jan kai. Ƙwan zai kama tun kafin a juya. Sai a juya fuli da motar lantarki da bel, domin dirilin hannu sau da yawa gudunsa bai kai ba, alta a mota tana ninka gudun inji sau biyu zuwa uku. Ƙwai ya mutu, mita ta hau 14, sannan a ɗora mata ƙwan babbar fitila biyu a ga ko za ta riƙe. Wanda zai zo zama na gaba ya taho da mitarsa da soket lamba 8, 10, 12, 14 da 22.