Wasiƙa daga ƙasar waje: yadda ake gashin kansar wajen al'aurar mata

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena. Da fatan kuna lafiya.

Tun da kuka ji cewa a sashen gashin masu kansa (wato maganin kansa da haske mai ƙarfi na na'ura, radiotherapy) nake aiki, saƙonninku ba su yanke ba, kuma tambayar da ta fi maimaituwa ita ce ta kansar da ke fitowa a fatar wajen al'aurar mace, wadda dabam take da ta bakin mahaifa. Kun tambayi yadda ake gashin, da wahalarsa, da zaman aure bayan an gama.

Tiyata ce kan gaba wajen maganin wannan cuta. Ana komawa ga gashi idan an cire ƙarin amma ana tsoron ya bar saura a gefe, ko cutar ta kai ga kaluluwar matsematsi, ko kuma ƙarin ya matso kusa da dubura ko hanyar fitsari har yanke shi zai raba mace da su. A irin wannan hali na ƙarshe akan haɗa gashin da wani maganin kansa mai suna cisplatin sau ɗaya a mako, domin yana ƙara wa hasken tasiri. Tun a 1986 wani bincike a Amurka ya nuna amfanin gasa matsematsi da cikin ƙugu idan cutar ta kama kaluluwa, shi ya sa kada ki yi mamaki idan an gasa wurin da ba ya miki ciwo.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne yawan aikin da ake yi kafin a kunna na'ura. Ana kwantar da mara lafiya a rigingine, gwiwoyi a buɗe, domin fatar matsematsi ta miƙe, saboda inda fata ta naɗe nan ne ta fi saɓulewa. Ana sa mata matashi mai ɗaukar siffar jikinta don ta riƙa kwanciya iri ɗaya kullum, a ɗauki hoton CT, a yi ƙananan alamomi a fata. Daga nan likita zai bi hoton yanki-yanki yana zana inda cutar take, da inda ake tsoron ta ɓuya, da sassan da za a kare: hanji, mafitsara da kan ƙashin cinya. Wata dabarar gashi da ake kira IMRT tana aika hasken ta kusurwoyi da yawa, tana ƙara ƙarfinsa a wani wuri tana rage shi a wani. Kuma da yake hasken na'urar yakan wuce saman fata ya fi aiki a ciki, alhali wannan cuta a fata take, sai a shimfiɗa wani abu mai laushi a kan wurin don ƙarfin ya tsaya inda ake so.

Da ma'aunin yawan hasken da ake kira gire (Gray), ana ba da 45 zuwa 50 a inda ake zargi kawai, sannan 60 zuwa sama a kan ƙarin da ake gani, ana rarraba shi 1.8 ko 2 a kowace rana, kwana 5 a mako, na tsawon mako 5 zuwa 7. Wani lokaci akan ƙara da gashin ciki, inda ake kai sinadarin da ke fitar da hasken dab da ƙarin.

A nan ne roƙona yake. Wajen mako na 3 fata takan yi ja ta fara zafi, daga baya ta iya saɓulewa, fitsari ya yi raɗaɗi, wasu kuma su yi gudawa. A wannan lokaci ne mata da yawa ke son tsayawa, alhali duk hutun da aka yi a tsakiya dama ce ga cutar ta sake tsiro. A nan inda nake ana duba fatar kowane mako, a ba da maganin ciwo da abin rufe wurin tun kafin abin ya tsananta. Ku ma ku nemi hakan, ku faɗa wa likita ko nas da wuri, kuma kada a shafa komai a wurin sai da saninsu. Wadda ake wa gashi daga waje ba ta ɗauke da hasken a jikinta, don haka babu dalilin raba ta da 'ya'yanta ko jikokinta.

Batun zaman aure da kumburin ƙafa sai a wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.

'Yar'uwarku.