Na ajiye aikin shekara 9 a kan saƙon murya

Shekara 9 na yi ina riƙe da lissafin wani kamfanin shigo da kaya a Yamai, can wajen kasuwar Katako. Shinkafa, man girki, tumatirin gwangwani, duk abin da ya sauko daga tashar Kwatano sai takardunsa sun bi ta teburina. Na shiga a 2016 da albashin jika 150, wato sefa dubu 150, na fita da jika 185. Duk mai cefane a garin nan ya san abin da ƙarin jika 35 yake iya yi a shekara 9.

Barin aikin ba shi ke damuna ba. Har gobe ina nan a kan cewa lokacin tashina ya yi. Yadda na tashi ne yake hana ni barci in na tuna.

Abin ya soma taruwa ne bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta saka wa Nijar takunkumi, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta rufe, Najeriya ta yanke mana lantarki. Kayanmu suka koma sauka a Lome, su ratsa Burkina, su biyo ta Dori da Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Motar da a da ake jiranta kwanaki sai ta koma cin makonni. Kowace mota kuma sai na sake lissafin farashinta daga tushe, don kuɗin hanya na wannan makon ba shi ne na makon jiya ba. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Benin ba ta buɗu daga ɓangarenmu ba, aikin bai ragu ba. A Janairun shekarar ne gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Masu gadinmu suka samu ƙari, na taya su murna da zuciya ɗaya. Ni dai ko dala.

Na jure wannan. Wanda ban iya jurewa ba shi ne ɗan ƙanwar Alhaji, mai kamfanin, da aka kawo mini na koya masa aiki, na yi wata 8 ina nuna masa inda ake shigar da kuɗin kwastan, sannan aka wayi gari shi ne zai riƙa sa hannu a kan lissafina. Daga nan na lura da kaina. Ranar Lahadi bayan isha'i sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. A fada abokai na shan shayi suna dariya, ni ina ƙirga awowin da suka rage kafin Litinin. Na kuma tambayi kaina yaushe rabon da in koyi wani sabon abu a wurin nan, na laluba har 2019 ban samu ba. In mutum ya kai nan, gajiya ba ta isa ta bayyana abin da yake ji ba, hutun wata guda ba zai warkar da shi ba. Na gwada hutun, na je Tawa wajen tsohuwa, na dawo kamar ban je ba.

Sai ga wata ƙungiyar agaji tana neman mai lissafi a wani furoje na shekara 3. Albashi jika 450, da inshorar lafiya har iyali. Na yi jarrabawa, na yi hira sau biyu. Tsakiyar Disamban 2024 mai kula da ɗaukar ma'aikata ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp: an zaɓe ni, in shirya farawa 1 ga Fabrairu, kwantiragi yana jiran sa hannun babban ofishinsu ne kawai, da an dawo hutun ƙarshen shekara za a kira ni.

A kan wannan saƙon na ajiye aiki. Ba wasiƙa, ba hatimi, ba sa hannu. Murya kawai.

Na ba kaina hujja, kuma a lokacin hujjar ta yi mini kyau. Kwantiragina ya ce in ba da sanarwar wata guda. In na jira takarda ta fito a tsakiyar Janairu, ba zan iya farawa 1 ga Fabrairu ba, sai su ɗauki wanda ke bina. Don haka ranar 31 ga Disamba na miƙa takardar ajiye aiki. Amma in zan faɗa wa kaina gaskiya, ba lissafin kwanaki ne ya tura ni ba. So nake in ga fuskar Alhaji lokacin da yake karantawa. Na gani kuwa. Na ji daɗi na kwana 28.

Uwargida ta yi magana tun kafin nan. Ta ce, "Malam, ka bari ka ga takardar da idonka mana. Me ake ci na sauri?" Na ce mata waɗannan mutane ba irin ƴan kasuwarmu ba ne, maganarsu ɗaya ce. Mutumin da aikinsa shekara 9 shi ne ƙin biyan ko sisi sai ya ga rasit, shi ne ya faɗi haka.

Ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90. Na ji a rediyo ina shan koko, ban ko ɗaga kai ba, don ban taɓa tambayar kuɗin wa ke tafiyar da furojen da zan shiga ba. Na tambayi albashi, na tambayi kuɗin tafiye-tafiye, har inda teburina zai zauna na tambaya. Kuɗin na wane ne, an riga an sake su ko ana jira, wannan bai zo mini a rai ba. Kwana 4 bayan haka umarnin tsayar da ayyuka ya fito, sai a ranar 28 aka kira ni. Mai maganar ma muryarsa rawa take, don shi kansa bai san makomarsa ba. An dakatar da komai, a yi haƙuri, za a neme ni. Ba a neme ni ba. A Maris aka sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen USAID, hukumar agajin Amurka, namu yana ciki.

Saura kwana 3 sanarwata ta cika. Na haɗiye girman kai na shiga wajen Alhaji. Ya saurare ni har na gama, bai yi mini dariya ba, wannan kam na shaide shi. Ya ce, "Ɗana, magana zarar bunu ce. Na riga na ɗauki wani." Na ce, "Ba komai, Alhaji, na gode." Ya sa aka ba ni kuɗin hutuna da takardar shaidar aiki, ya ƙara mini jika 50 daga aljihunsa. Jika 50 ɗin nan sun fi komai ƙona mini rai, amma na karɓa.

Na je ofishin sufeton ƙwadago ko akwai abin da doka za ta tsamo mini. Tambaya biyu aka yi mini. Korar ka aka yi ko kai ka ajiye? Na ce ni na ajiye. To, wanda ya ajiye da kansa ba shi da kuɗin sallama. Sabon wurin fa, me suka ba ka a rubuce? Na fito da waya zan kunna saƙon, sai na ji kunya na mayar da ita aljihu.

Sai da albashi ya tsaya na soma ganin abubuwan da ba sa cikin takardar albashi. Buhun shinkafa da sukarin azumi, kuɗin rago da layya, bashin jika 300 da Alhaji ya ba ni ba ruwa lokacin da aka kwantar da tsohuwa, ana cire jika 20 a wata ba tare da kowa ya ji ba. Da CNSS, hukumar fanshon ma'aikata, wadda ake yankar kashi 5.25 daga albashina kowane wata ina ƙunƙuni, alhali kamfani na zuba nasa kason da ya ninka nawa. Watannin da na yi a zaune rami ne a lissafin fanshona. Duk wannan bai isa ya sa in zauna ƙarƙashin yaron da na koya wa aiki ba, amma da na haɗa shi a lissafi, da na san girman abin da nake saki, da ban sake shi a kan murya ba.

Azumi ya shigo farkon Maris, ga zafin Yamai, ga kuɗin hayar gida a Bukoki. Na sayar da babur. Adashen uwargida ne ya biya kuɗin makarantar yara, kuma ko sau ɗaya ba ta ce "na gaya maka" ba, wanda da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Layyar shekarar ba mu yanka komai ba. Kasuwar aikin ma ta cika maƙil, don ma'aikatan furoje da aka sallama duk takardun nema suke yawo da su, wasu da gogewar da ta fi tawa nesa ba kusa ba.

Wata 7 na yi a zaune. Yayana ne a Tawa ya haɗa ni da wasu ƴan kasuwar albasa masu saye a Galmi da Tamaske, su adana a rudu, wato rumbun albasa, har farashi ya tashi, sannan su loda zuwa Ghana da Kodibuwa. Suna juya kuɗi masu nauyi amma lissafin duk a ka yake da ƙananan littattafai. Albashi jika 220, rabin abin da na yi mafarki, sai dai rayuwar Tawa ba ta kai ta Yamai tsada ba, kuma ni nake gina tsarin lissafin daga tushe. Lahadi da dare yanzu barcina nake yi.

Da muka gama magana babbansu ya miƙo hannu ya ce, "To, mun shirya ke nan, ka kwaso iyali." Na ce sai an rubuta, an sa hannu, an kuma yi mini rajista a CNSS. Yaya ya harare ni, ya ce, "Kai, waɗannan iyayenka ne fa." Na ce, "Na sani, Yaya, a dai rubuta." Kwana 12 aka ɗauka kafin takardar ta fito, na yi su a ɗakin baƙi na gidan Yaya, ban kira mai gidan hayarmu na Bukoki na ce za mu tashi ba sai da na riƙe ta a hannu.

Wani abokina na fada ya kira ni watan jiya, ya ce ya samu wuri, an ce ya fara wata mai zuwa, gobe zai ajiye nasa. Na ce ya turo mini hoton kwantiragin. Ya ce ai maganar ta ƙare, sa hannu kawai ya rage. Ban yi masa dogon bayani ba, na tura masa saƙon muryar nan na Disamban 2024, don har yanzu ban goge shi ba.