Abin da na koya a babban cocin Cefalu

Daga Palermo, tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa zuwa Cefalu, ƙaramin gari a gaɓar tekun arewacin tsibirin Sisiliya, a Italiya. Tun kafin jirgi ya tsaya na hango hasumiyoyi biyu na cocin, bayansu wani ƙaton dutse da mutanen garin ke kira La Rocca.

Sarkin Sisiliya Roja na 2 ne ya aza tubalinsa a 1131. Ana cewa alwashi ya cika bayan ya tsira daga guguwa a teku, amma ni da na tsaya gabansa, ganuwa na gani. Gini ne na sarkin da yake so a san da zamansa.

Darasin farko shi ne a zagaya gini kafin a shige shi. Da na hau La Rocca na leƙo ƙasa, sai na ga ɓangaren gabas ya fi sauran jikin cocin tsawo nesa ba kusa ba. Roja ya rasu a 1154 aiki bai ƙare ba, waɗanda suka gaje shi kuma suka rage buri. Ba a keɓe cocin don ibada ba sai 1267. Duk wannan tarihin yana nan a bambancin tsawon rufin, ga mai lura.

A ciki, ginshiƙan dutse ne jere biyu ɗauke da bakan gizo masu tsini, bango kuwa kusan babu ado. Sai can ƙurya ido ya ci karo da zinariya: hoton Yesu Almasihu na 1148, wanda masu sana'ar Rumawan Gabas suka haɗa da ƙananan gutsattsarin gilashi da dutse. Littafin da ke hannunsa rubutu biyu ne, Girkanci da Latin. Na daɗe a tsaye a wurin, na kasa gusawa.

Abin da ya fi taɓa ni yana sama, inda baƙi ba sa ɗaga kai. A katakon rufin akwai ragowar zane-zane irin salon Musulmin Sisiliya. Musulmi sun mulki tsibirin kafin zuwan Normawa, mutanen Roja da suka fito daga arewacin Faransa, kuma Roja bai watsar da gwanayensu ba. A fadarsa ne ma Al-Idrisi, masanin labarin ƙasa Musulmi, ya kammala littafinsa na taswirar duniya. Daga ƙasa zanen ba ya fitowa sosai, don haka mai zuwa ya nemi hotunansa ya duba tukuna.

Roja ya tanadi akwatunan gawa biyu na jan dutse don a binne shi a nan. Ba a cika masa wannan buri ba. A Palermo aka binne shi, kuma a 1215 jikansa Firedirik na 2 ya sa aka kwashe akwatunan zuwa can.